Yalwa Mai Turare a Birnin Huhu

A garin Kwarin Gawo, a zamanin da an riga an gina asibiti a garin gaba amma aljanu ba su daina fitowa da rana ba, an yi wata mai haɗa turaren wuta ana ce mata Yalwa. Allah ya ba matar nan hanci. In ka wuce ta ƙofar gidanta sai ta gaya maka miyar da ka sha jiya da irin itacen da aka dafa ta da shi. Ya kuma ba ta taurin kai daidai da hancin, don a ganinta babu ciwon da hayaƙi ba ya kora, tun daga mura har zuwa mugun hali.

'Yarta guda ce, 'yar fari, sunanta Ladidi. Yalwa kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙora. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, daga "ke" sai "waccan". Son da take mata ya fi ƙarfin bakinta, sai ta riƙa zuba shi a kasko: kayan Ladidi sun fi na kowa ƙamshi a garin.

Wata shekara mijin Ladidi ya tafi ci-rani, ita kuma ta zo gida da zazzaɓi da tari da wani ciwo da yake sokarta a haƙarƙari. Yalwa ta kwantar da ita a ƙuryar ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta saki labule biyu, ta haɗa kajiji da ƙaron hano da tazargade ta zuba a garwashi. Kwana huɗu kaskon nan bai huta ba. A rana ta huɗu numfashin Ladidi ya koma gajere, leɓenta ya yi duhu, ko tarin ma ta kasa.

Kande, ƙanwar Yalwa, ta ce, "Yaya, don Allah mu kai yarinyar nan asibiti. Ni da nake lafiya ma ɗakin nan shaƙe ni yake."

Yalwa ta ce, "Shaƙewar ita ce maganin. Ki zauna nan, kar ki bari kaskon nan ya mutu, kome ya faru, har in dawo. Kin ji ni ko?"

Kande ta ce ta ji. Ita dama tun suna yara ba ta iya yi wa yayarta musu sau biyu.

Yalwa ta fita da ƙarfin hali a fuska kawai. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta shiga ɗakin ajiyarta rana tsaka, ta tono wani dunƙulen baƙin ƙaro da kakarta ta bar mata tare da gargaɗin kada a kuskura a ƙona shi. Ta ɗora shi a kan garwashi.

Hayaƙin bai bazu ba. Miƙewa ya yi tsaye, ya yi kafaɗu, ya yi wuya, sai ga wata tsohuwa doguwa, idanunta kamar garwashi biyu a cikin toka.

Tsohuwar ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ni ce Uwar Hayaƙi. Wane ne ya mutu, ko wane ne zai mutu, da har aka tashe ni?"

Yalwa ta durƙusa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, wata ce a gidana take neman tafiya. Ki nuna mini abin da yake cinta, in san haɗin da zan yi masa."

Aljanar ta ce, "A ƙirjinta akwai birni, ana yaƙi a cikinsa. Zan shigar da ke ki gani da idonki. Hanyar shiga numfashi ce, hanyar fita tari ce, babu ta uku. In birnin ya tsaya kina ciki, can ne kabarinki. Ladana kuwa hancinki. Za ki shiga da shi, amma da fitowarki ya zama nawa, ba za ki ƙara jin ƙamshi ko wari ba har ki koma ga Ubangijinki."

Yalwa ta dubi kwalaben turarenta a jere, sana'ar uwarta da kakarta. Ta ce, "Na yarda."

Aljanar ta hura mata iska a fuska. Nan take Yalwa ta shiga ƙanƙancewa, har ƙwayar gero ta zame mata dutse, har ƙurar ƙasa ta zame mata tudu. Iska ta sure ta, ta bi da ita ta ƙarƙashin labule, ta wuce Kande da ke fifita garwashi tana share hawaye. Ladidi ta ja numfashi, Yalwa ta faɗa cikin wani kogo mai duhu tana salati.

Guguwa ta yi ta jan ta ƙasa ta wata babbar hanya mai kama da cikin rijiya, har ta maka ta a jikin bango, cikin wani ruwa mai yauƙi. Da ta ɗaga kai sai ta ga ashe bangon mutane ne, dubu bisa dubu, a jere kafaɗa da kafaɗa, ƙafafunsu a dashe. A kan kowannensu gashi ne tsaye kamar tsintsiya. Kaɗan daga cikinsu suna kaɗa gashin suna tura ruwan nan mai yauƙi zuwa sama. Mafi yawa kuwa sun langaɓe, gashinsu ya kwanta, ya yi baƙi.

Wata daga cikin masu sauran motsi ta ce, "Wace ce ke, ya ke baƙuwa mai ƙafafu?"

Yalwa ta ce, "Matafiyiya ce. Ku fa?"

"Mu ne Masu Shara, ni ce magajiyarsu. Duk abin da iska ta shigo da shi, ƙura ko maƙiyi, a ruwan nan yake maƙalewa, mu kuma mu tura shi sama a tofar. Tun ranar da aka kafa birnin nan ba mu taɓa hutawa ba. Maƙiya sun fara shigowa muna ta fama da su, sai ga wata baƙar iska ta sauko mana, yau kwana huɗu. Ta sumar da 'yan'uwana, ruwa ya tsaya, maƙiya suka wuce ta gabanmu muna kallo. Wanda ya turo iskar nan, ko waye shi, ya fi maƙiyan mugunta."

Kafin ta rufe baki sai ga iskar nan tafe, baƙa, mai kauri. Masu Shara suka sunkuyar da kai suna nishi. Yalwa ta shaƙa. Kajiji ne, da ƙaron hano, da tazargade, awo uku da biyu da ɗaya. Ko a cikin haɗin mutum dubu za ta gane hannunta. Tsoro ya hana ta amsa laifinta, ta bar iska ta ci gaba da jan ta.

Hanya ta rabu biyu, kowace ta sake rabuwa biyu, ta yi ta rabuwa tana ƙuntata har Yalwa ta daina ƙirga. Daga ƙarshe ta faɗo cikin wani ɗaki zagayayye, bangonsa siriri kamar ɓawon albasa. Ta cikinsa ana hango wani jan kogi yana gudu, cike da jajayen kwale-kwale da suke tsayawa su ɗebi iska su wuce. Ɗakin yana buɗewa yana tsukewa. Irinsa kuma ga su nan jingim ta kowane gefe, sai dai rabinsu ruwa ya cika su, kwale-kwalen da suka zo wurinsu haka suke komawa wayam.

A cikin ruwan ne ta fara ganin maƙiyan. Ba su da ido, ba su da baki, biyu-biyu suke tafiya manne da juna, kowanne sanye da riga mai santsi. Tana kallo wani ya kumbura ya tsage ya zama biyu, biyun suka zama huɗu. Duk bangon da suka jingina da shi sai ya ɗuri ruwa ya ɓarke. Suka ji motsinta suka yo kanta gaba ɗaya, shiru, ba ko ƙara. Yalwa ta zura da gudu, santsi ya kwashe ta, ta rarrafa, ta ji sanyinsu a dugaduganta.

Sai wani ƙato marar ƙashi ya malalo daga saman ɗakin ya rufe na gaba-gaban. Ya matse su, suka suɓuce masa. Ya sake matsewa, suka sake suɓucewa. Daga kusurwa wata murya ta daka tsawa, "Kauce, baƙuwa!" Wani farin abu mai danƙo ya wuce ta kan Yalwa ya fantsama a jikin maƙiyan. Santsinsu ya mutu, ƙaton ya haɗiye huɗu, ya yunƙura zai ƙara ya kasa, ya kwanta yana haki.

Mai muryar wata gajeriyar mace ce, dunƙulalliya, rabin jikinta a cikin bango, hannayenta sharkaf da mai. Ta ce, "Ni ce Mai Shafe. Ni nake shafe ɗakin nan da mai don kada bango ya manne da bango in iska ta fita. In ya tsage ni nake haifar sabo in liƙe. In maƙiyi ya shigo ni nake fara ganinsa, in yi masa tabo da danƙo don mai gadi ya sami abin kamawa. Wancan da yake kwance shi ne mai gadin, Haɗiyau. Da, ɗari yake haɗiyewa bai ji ba. Dubi cikinsa."

Yalwa ta duba. Cikin Haɗiyau baƙi ƙirin yake, cike da toka.

Mai Shafe ta ce, "Kwana huɗu yana haɗiyar dattin baƙar iska don kada ya toshe mu, yanzu ba wurin maƙiyi a cikinsa. Waɗannan kuwa, da ku na waje kuke ce wa ƙwayoyin cuta, ba sa jiran kowa. Mu mutanen bango ba mayaƙa ba ne, masu kira ne. Mayaƙan suna cikin jan kogi, Fararen Dakaru. Ba su da idanu, da hanci suke tafiya. In yaƙi ya fi ƙarfinmu sai mu saki ƙamshin kira, su biyo shi har inda ake ɓarna. Tun shekaranjiya nake saki har na kusa ƙarewa, baƙar iska ta danne shi. Ban san inda suke ba."

Yalwa ta rufe ido ta ja iska a hankali. Ta ture kajiji gefe, ta ture hano, ta ture tazargade, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can ƙarƙashi ta same shi, siriri kamar zare. Ta san shi. Ƙamshin tsakar kan Ladidi ne ranar da aka haife ta, wanda Yalwa ta shinshina a ɓoye lokacin da ungozoma ta fita zubar da ruwa, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Ina jin sa. Zan iya jawo su."

Mai Shafe ta ce, "Ta yaya kike jin abin da dakaru suka kasa ji?"

Yalwa ta ce, "Domin ni na haɗa baƙar iskar. Na san abin da ke cikinta, na san abin da ba ya ciki."

Haɗiyau ya ɗaga jikinsa ya matso. Yalwa ta tsaya, ta sadaƙar yau sai cikin ƙato. Mai Shafe ta dube ta ta ce, "Ba mu da lokacin fushi. Je ki gyara." Ta buɗe wata 'yar kafa a bango ta tura ta.

Jan kogi ya fizge ta. Kwale-kwale suka yi ta bankarta, ruwan da zafi kamar na wanka, ga wata ganga can nesa tana bugawa da sauri, kowane bugu sai ya wulla ta gaba. Ta nutse ta taso ba adadi. Sai ta ji an cafke ta an ɗaga sama.

Fararen Dakaru ne, sun cika wani lungu maƙil, fuskokinsu a shafe babu ido. Sun ɓata hanya, sai saran bangon wani lafiyayyen ɗaki suke, mutanen bangon suna kururuwa. Wanda ya riƙe ta ya fi sauran girma. Ya shinshina ta tun daga kai har ƙafa.

Ya ce, "Ni ne Barden Dakaru. Dokarmu guda ce: abin da ba na birnin nan ba, a kashe. Ke ba ta nan ba ce, kuma warin baƙar iska a hannunki yake. Faɗi abin da zai hana ni."

Yalwa ta ce, "Na san hanyar inda ake yaƙi."

"Maƙiyi ma ya sani. Mece ce tsakaninki da mai birnin?"

"Wata ce... a gidana take."

"Wata ba suna ba ce. Duk ɗan birnin nan ya san sunan mai shi. Kira shi, ko in raba ki biyu."

Kai, kunya! Ga mutuwa ta riƙe mata wuya, ga dubban dakaru, amma harshen Yalwa sai da ya nemi ya ƙi. Shekara ashirin da biyu sunan nan yana kwance a ƙirjinta bai taɓa hawa bakinta ba. Gangar nan ta nesa ta yi tuntuɓe, ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Ta ce, "Ladidi." Ta sake faɗa da ƙarfi, tana kuka, "Ladidi! 'Yata ce, ta fari, ba ni da wata. A cikina aka gina birnin nan kaf, da ku da bangonku."

Barde ya sake shinshinarta, a hankali wannan karon. Ya ce, "Gaskiya ne. Akwai tsohon ƙamshinki a harsashin ginin nan. Hau kafaɗata."

Haka mai turare ta ja runduna. A kowace mararraba sai ta rufe ido ta nemo zaren nan, ta ce dama, ko ta ce hagu. Sau biyu baƙar iska ta sauko, don Kande baiwar Allah tana can tana cika umarni, zaren ya ɓace mata ɗungum, dakaru suka fara gurnani. Ta dafe ƙirji ta jira har ya dawo. Da suka iso, mutanen bango suka raba kafaɗunsu, dakaru suka matsa ta tsakani suka kwarara cikin ɗakunan.

Yaƙin ba kyan gani. Mai Shafe da 'yan'uwanta suna watsa danƙo, dakaru suna bin duk mai tabo suna haɗiyewa. Wanda cikinsa ya cika sai ya fashe kansa, ya bar raga da take cafke maƙiyan da ke kusa da shi. Gawarwakinsu suka taru tsibi-tsibi, suka zama wani abu mai kauri, ruwan ɗorawa. Barde ma a nan ya faɗi, bai ko yi sallama ba.

Mai Shafe ta jawo Yalwa ta ce, "Mun tare su, ba mu cinye su ba. Sun yi yawa. In iska mai kyau ta shigo za mu riƙe kwana ɗaya, watakila biyu. Da baƙar iska ko la'asar ba za mu kai ba. Kuma ku na waje kuna da wani taimako da ake aikowa ta jan kogi, yana fasa rigunan maƙiya. An taɓa aiko mana mai birnin tana ƙarama, lokacin da mahaifinta yana da rai. Ki sa a aiko."

Yalwa ta tuna. Mijinta ne ya ɗauki yarinyar a kafaɗa ya kai ta asibiti, ita kuwa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Ta ce, "Ta ina zan fita? Ta daina tari."

"Ki bi gawarwakin."

Suka tura ta cikin tarin matattun dakaru. Ɗaki ya miƙa wa hanya, hanya ta miƙa wa babbar hanya, har wurin Masu Shara. Magajiya ta dube ta ta ce, "Labari ya riga ki zuwa, mai baƙar iska. Ba don ke za mu yi ba." Ta yi kira, 'yan ƙalilan da suka rage suka kaɗa gashinsu da iyakar ƙarfinsu, wasu suna yi suna faɗuwa. Kayan ya yi nauyi, ya hau kaɗan, ya zame, ya sake hawa. Iska ta ɗauke. Birnin ya yi shiru gaba ɗaya, Yalwa ta ji kabarin da aka faɗa mata yana rufowa. Ta tattara abin da ya rage mata na murya ta ƙwala, "Ladidi, yi tari!"

Ƙasa ta girgiza. Wata iska ta taso daga ƙasa kamar an fasa dutse.

Kande dai ta ce ita abin da ta gani, Ladidi ta yi wani tari mai ƙarfi, ta tofar da kaki, sai ga yayarta a tsakar ɗaki a durƙushe, jiƙe sharkaf, ba ta ga shigowarta ba. Yalwa ta miƙe ta ɗauki kaskon da hannu biyu, da zafinsa da komai, ta yi jifa da shi tsakar gida. Ta fizge labule, ta zare tsumman taga.

Kande ta ce, "Yaya, ke fa kika ce kome ya faru..."

"Na faɗa, kuma ban yi daidai ba. Ruga ki nemo mota, ko amalanke ce. Asibiti za mu."

Hayaƙin da ya rage yana fita ta taga, sai wani sili daga ciki ya juyo ya shafi hancin Yalwa, sanyi kamar yatsan tsohuwa. Ga kajiji yana ci a tsakar gida, ta ja iska ba ta ji komai ba.

Kwana tara suka yi a asibiti ana yi wa Ladidi allura. Yalwa ba ta yarda a rufe taga ba ko sau ɗaya. A rana ta tara, da hantsi, ɗakin cike da 'yan dubiya, Ladidi ta tashi zaune ta ce yunwa take ji. Yalwa ta matso kamar mai gyara mata ɗankwali, ta sunkuya ta kai hancinta tsakar kan 'yarta. Babu komai. Ta daɗe a haka, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Sannan ta sauke kunnenta a bayan yarinyar, ta ji iska tana shiga har ƙasa tana fita ba tangarɗa.

Ta ɗago, a gaban surukai da maƙwabta da kowa, ta ce, "Ladidi, me za ki ci?"

Kande ta rufe baki da mayafi. Ladidi ta kalli uwarta, idanunta suka ciko.

Ta ce, "Inna, ashe ke ce kika kira ni rannan. Na ji, na ɗauka mafarki ne."